Baƙin tabo a cikin ido: a jira da awo, ko a taɓa shi tun yanzu?

Wata bakwai ke nan da na raka kawuna, ƙanin mahaifiyata, a duba masa ido. Ciwon suga gare shi, kuma an sha gaya masa cewa mai suga ya kamata a leƙa bayan idonsa sau ɗaya a shekara, yana ta ɗagawa saboda shago. Da aka ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, likita ya haska na dama ya wuce, ya zo kan na hagu ya daɗe. Daga nan ya ajiye fitila ya ce akwai wani baƙin tabo can ciki, yana da ɗan tudu, kuma yana so a yi masa eko, wato hoton da ake ɗauka da sauti, a auna shi.

Kawu mutumin kasuwa ne, ba ya son zagaye-zagaye. Ya ce, "Likita, ciwon daji ne ko ba shi ba ne?"

Likita ya ce, "Alhaji, a gani ɗaya ba zan rantse maka ba. Yana iya zama tawadar Allah ce kawai, yana iya zama farkon abin da kake tsoro. Awo ne zai raba mu."

A mota muna komawa gida kawu ya juyo ya ce mini, "Kai da ka yi lakkol, sai ka je ka karanto mana. In cirewa ce a cire, in bari ne a bari." Ni malamin ilimin halittu ne a lise, ban taɓa riƙe wuƙar aiki ba, amma na san yadda ake bin rubutun likitoci, kuma na yi makonni ina binsa. Abin da na tattaro ne nake son shimfiɗawa, domin zaɓin da aka ajiye mana ya fi "cire" da "bari" rassa, kuma yadda littattafan Turai suke auna shi bai zo daidai da mudun Maraɗi ba.

Sunan ciwon melanoma. Yana tasowa daga ƙwayoyin da ke ba jiki launi, kuma a cikin ido ya fi fitowa a wata shimfiɗa mai yawan jijiyoyin jini da ke kwance ƙarƙashin tantanin gani, wadda likitoci ke kira koroyid. Mai ciwon ba ya ganinsa a madubi, galibi ba ya jin zafi. Haɗarinsa ba a ido yake tsayawa ba: idan ya yaɗu, ta jini yake bi, kuma a cikin goma wajen tara hanta yake sauka. Shi ya sa ake jin tsoron abin da kaurinsa bai fi ƙwayar hatsi ba.

Kafin a shiga gardamar yaushe za a yi magani, akwai tambayar da ta fi ta muhimmanci a wurinmu, wato ko shi ɗin ne ma. Wannan ciwo na fararen fata ne fiye da kowa, musamman masu shuɗi ko koren ido. A ƙididdigar Amurka, Turawa wajen 6 cikin miliyan ne ke kamuwa a shekara, baƙar fata kuwa ba su kai ko rabin mutum ɗaya cikin miliyan ba. Jihar Maraɗi an ƙidaya mutum miliyan 3.4 a 2012. Ka ga in aka ɗora wancan lissafi a kanmu, likitan ido zai iya yin shekaru yana aiki bai haɗu da shi ba sai jefi-jefi. Abubuwan da ke kwaikwayonsa sun fi shi yawa: tawadar Allah ta cikin ido, jinin da ya taru ƙarƙashin tantanin gani ya yi duhu, da wani baƙin ƙulli mai suna melanositoma da ke zama a kan jijiyar gani, wanda ake gani a baƙar fata kuma da wuya ya zama daji. Su kuwa ɗige-ɗigen ruwan ƙasa da yawancinmu ke da su a farin ido, kusa da baƙin, launin jikinmu ne, babu abin da ya haɗa su da wannan zance. Abin da ya kamata a gudu asibiti dominsa a farin ido shi ne tsiro mai kauri, fari-fari ko ja, mai girma. Wannan wani daji ne dabam, ya fi yawa a ƙasashenmu masu rana, kuma shi ba a jiransa. Haka farin haske a ƙwayar idon ƙaramin yaro, kamar idon kyanwa da dare. Duk abin da zan faɗa game da jira bai shafe su ba.

To, a ce an tabbatar tabon yana koroyid, ƙarami ne, kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. Nan ne iyakar tawada da daji take rikicewa, har ga manyan masana. Wasu likitoci biyu, Jerry Shields da Carol Shields na asibitin ido na Wills a birnin Filadelfiya, sun kwashe shekaru suna bin dubban irin waɗannan tabo, suka fitar da alamomin da ke nuna wanda zai girma. A bayaninsu na 2019 alamomin shida ne: kauri fiye da milimita 2, ruwa da ya taru ƙarƙashin tantanin gani, raguwar gani zuwa 4/10 ko ƙasa (lafiyayyen gani shi ne 10/10), ɗige-ɗige masu ruwan goro a saman tabon, eko ya nuna cikinsa kamar rami, da faɗi fiye da milimita 5. Wanda ba shi da ko ɗaya, yiwuwar ya girma ya zama melanoma cikin shekara 5 kashi 1 ne cikin 100. Mai alama ɗaya kashi 11, mai biyu 22, mai uku 34, mai huɗu ya haura rabi. A wani bayaninsu na baya sun haɗa da kusanci da jijiyar gani. Akwai kuma alamar kwantar da hankali: wasu ƙananan ɗigo farare-rawaya a saman tabon, da ke nuna ya daɗe a zaune bai motsa ba.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan karin maganar ba ta ci ba. Bambancin milimita 1.8 da 2.4 ba a kimanta shi da fitila, sai da eko na ido. Ruwan da ke ƙarƙashin tantani kuma wani lokaci sai hoton da ake kira OCT ke nuna shi. Duk wanda ya yanke hukunci a kan ƙaramin tabo ba tare da waɗannan ba, canki-canka yake yi.

Hanyar farko ita ce jira. Masu goyon bayanta suna da hujja mai ƙarfi. Tawadar cikin ido abu ce mai yawa, Turawa wajen 5 cikin 100 suna da ita, kuma an ƙiyasta cewa a shekara ɗaya tak cikin kusan 8,800 ce ke rikiɗa. In da za a gasa duk tabon da ya ba da tsoro, da an lalata idanu masu yawa a banza. Sannan akwai babban binciken nan na Amurka da Kanada da aka fi sani da COMS, wanda ya fara a tsakiyar shekarun 1980. Wani reshensa ya bi mutum 204 masu ƙananan ƙulli da aka ɗauka melanoma ne, yawancinsu ba a taɓa su da farko ba. Kashi 21 cikin 100 ne suka girma cikin shekara 2, kashi 31 cikin shekara 5. Wato kusan biyu cikin uku sun zauna yadda suke. Waɗanda ciwon ya kashe cikin shekara 5 kuwa kashi 1 ne cikin 100. Mai jira yana riƙe da ganinsa, bai sayar da gona ba, bai shiga jirgi ba.

Sai dai wannan lissafi yana da ƙura a ƙasa. Waɗancan mutum 204 ba sallamar su aka yi aka ce Allah ya sawwaƙe ba. Ana ɗaukar hoton bayan idonsu, ana auna su a kan lokaci, kuma duk wanda nasa ya motsa ana yi masa magani nan take. Kashi 1 ɗin nan sakamakon jira da sa ido ne tare da magani a kusa. Wasu kuma daga cikinsu, bisa dukkan alamu, tawada ce tun asali, ita ta sauƙaƙa lissafin.

Masu cewa a taɓa shi da wuri su ma da hujjarsu. Su Shields ɗin sun duba idanu 8,033 a 2009, suka ga cewa duk ƙarin milimita ɗaya a kauri yana ƙara haɗarin yaɗuwa da kusan kashi 5 cikin 100 a shekara 10. Ƙananan melanoma sun yaɗu a kashi 12, matsakaita 26, manya 49. Masu bincike a Finlan kuma sun lissafa saurin girman ƙullin hanta suka koma baya, suka nuna cewa iri yana iya barin ido shekaru kafin a gano ciwon, tun ƙullin yana ƙarami. Idan haka ne, wanda ya ce sai ya ga girma kafin ya motsa yana iya zama yana gadin rumbun da ɓera ya riga ya huda ta ƙasa. Kuma da zarar ya sauka a hanta, magani kaɗan ne. Akwai wani sabo mai suna tebentafusp da Amurka ta amince da shi a 2022, yana tsawaita rai, amma sai ga masu wani nau'in gado na musamman, kuma tsadarsa ba ta talaka ba ce, ba ma ta mai rufin asiri ba.

Abin da ya hana a kashe wannan gardama shi ne ba a taɓa raba masu ƙananan melanoma gida biyu da ƙuri'a ba, a yi wa rabi magani a jira rabi, a ga wa ya fi daɗewa. Akwai kuma maganar gado na ƙullin kansa. Ƙullin da ya rasa kwafi ɗaya na kuromozom na 3, wato ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado, ko ƙwayar gadonsa mai suna BAP1 ta lalace, shi ne mugu, yana saurin tafiya hanta. Wanda bai rasa ba yakan yi zamansa ko da ya yi girma. Wasu masana suna cewa tunda haka ne, mugun ya riga ya yaɗu, mai sauƙin kuma ba zai yaɗu ba, don haka watanni kaɗan na jira ba sa canza komai. Wasu suna cewa ai mugunta samuwa take yi yayin da ƙullin ke girma, don haka a kashe shi kafin ya koye ta. A manyan cibiyoyi ana tsotso ƴan ƙwayoyi da siririyar allura a duba wannan gado. Wani nazari na ƙasashen Turai a 2019 ya tattara ƙananan melanoma da suka yi kisa, bai sami ko ɗaya da faɗinsa ya gaza milimita 3 ba. Wannan ya ba ni ƙasa guda tabbatacciya da zan taka: abin da ya gaza haka a faɗi, babu dalilin gaggawa a kansa.

Yanzu sai abin da magani ke ci. Kawu ya ɗauka akwai ƙwaya ko allura da za ta narkar da tabon ido ya koma yadda yake. Babu. Maganin da duniya ta fi amfani da shi gashi ne daga kusa: wani ɗan faifan ƙarfe, faɗinsa kamar dala, ɗauke da sinadarin ayodin 125 ko rutiniyam 106. Ana ɗinke shi a bayan ƙwallon ido daidai saitin ƙullin, ya kwana ƴan kwanaki, a sake shiga ɗakin aiki a cire. Ɗaya hanyar ita ce harbin furoton, wato gashi daga waje da ake saita shi daidai kan ƙullin, wanda aka fara yi wa ido a Boston a 1975. A Faransa ana yinsa a Orsay kusa da Faris da kuma Nis, zama huɗu cikin kwana huɗu bayan an ɗinka ƴan alamomin ƙarfe a jikin ido. Duka biyun suna kashe ƙullin a fiye da kashi 90 cikin 100. Ido yana zama a gurbinsa, fuska ba ta canzawa.

Gani ne ke biyan kuɗin. Gashin yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin tantanin gani a hankali, abin ya bayyana bayan shekara ɗaya, biyu ko uku. A binciken COMS, cikin masu matsakaitan ƙulli da aka sa wa faifan ayodin, kashi 43 cikin 100 ganinsu a wannan ido ya faɗi zuwa 1/10 ko ƙasa cikin shekara 3. Ƙananan ƙulli sun fi haka sauƙi, amma wurin zama ne ke yanke hukunci. Wanda ke can gefe, nesa da cibiyar gani (tsakiyar tantanin, wadda ake karatu da ita) da jijiyar gani, ana iya gasa shi mutum ya ci gaba da karatun Alƙur'ani da wannan ido. Wanda ke manne da cibiyar, ko ƙwararren duniya ne ya yi aikin, da wuya a tsira da karatu. Mai suga ya fi kowa shan wahalar wannan illa, domin jijiyoyinsa dama a raunane suke; wannan layin na ja wa kawu shi da jan biro. Ana rage ɓarnar da allurai a cikin ido, irin su Avastin, amma allurai ne na wata-wata, shekara da shekaru. Akwai kuma ƙona ƙullin da zafin leza ta ƙwayar ido, wanda ya yi tashe a shekarun 1990. An rage dogaro da shi shi kaɗai saboda ƙullin yakan dawo.

Saura cire idon gaba ɗaya. A tunaninmu na gida wannan ne yanke wahala, a tumɓuke abu da saiwarsa. COMS ya gwada wannan tunani a kan mutum 1,317 masu matsakaitan ƙulli, aka raba su da ƙuri'a, rabi faifai rabi cirewa. Sakamakon da ya fito a 2001, aka kuma sake tabbatar da shi bayan bibiyar shekara 12, ya nuna babu bambanci a tsawon rai. Cirewa ba ta ƙara kwana a kan gashi, domin irin da ya riga ya fita ya fita. Amma kuma ba ta rage kwana, kuma wannan ne ya sa take magani na gaskiya, ba na rashin yadda za a yi kawai ba. Ana sa dunƙulen cike gurbi, bayan makonni kamar shida a sa idon roba, mutum ya yi watanni yana koyon auna nisa da ido ɗaya, wajen zuba shayi da tsallake kwalbati, daga baya ya saba. Kuma idon da aka cire ana kai shi gwaji a san ainihin abin da ke ciki.

Ga inda mudunmu ya bambanta. Bature da ke Nis, tazarar da ke tsakanin "ya girma" da "an gasa" makonni ne kaɗan, kuma inshora ke biya. Mu kuwa cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, ta fara gashi a 2021, kuma alheri ce babba ga masu dajin mama da na mahaifa. Amma na'urar gashi ta gama-gari ba da ita ake yi wa ƙaramin ƙullin cikin ido aiki ba, haskenta ya yi faɗi da yawa. Furoton babu shi a duk Afirka ta Yamma. Mai son faifai sai ya yi shirin tafiya nesa, kamar Haidarabad a Indiya ko Kef Tawun a Afirka ta Kudu ko Faransa, da fasfo da biza da mai rakiya da kuɗin masauki, sannan da bibiyar shekaru bayan ya dawo. Abin da ke hannunmu a gida shi ne cirewa. Wato shi Bature yana auna jira da rasa wani ɓangare na gani. Mu sau da yawa muna auna jira da rasa ido mai gani garau, a kan abin da wataƙila tawada ce. Wannan yana tura ma'auni wajen jira fiye da yadda littafi ya ce.

Sai kuma abin da ke tura shi ɗaya gefen, kuma shi ya fi damuna. Jiran da littafi ke nufi aiki ne: hoton bayan ido na ranar farko da za a riƙa kwatantawa da shi, eko da ke ba da kauri da faɗi a rubuce, komawa bayan wata 3 ko 4, sannan duk wata 6, in abin ya zauna a koma shekara-shekara har iyakar rai. Jiran da muka saba kuwa shi ne a ce "ba ya ciwo", a ninke takarda a sa ƙarƙashin katifa, damina ta zo, biki ya zo, Umara ta zo, a dawo bayan shekara uku ido ya yi ja yana zogi. Wannan ba zaɓin likita ba ne, sakaci ne da aka sa wa rawani. Mutumin da ke ƙauye bayan Dakoro, wanda kuɗin mota zuwa Maraɗi ma sai an sayar da akuya, gaskiyar lamarinsa ta bambanta da ta ɗan kasuwar da ke unguwar Zariya. In yana da alamomi uku ko huɗu kuma shi da kansa ya san ba zai riƙa dawowa ba, a ganina ya fi masa a yi maganin da ke hannu bayan an tabbatar da ciwon, ko da cirewa ce.

Kalmar "tabbatar" nake son a riƙe. Wani ɗan uwa ya kai takardun kawu wani ɗakin shan magani mai zaman kansa a wani gari, mai wurin ya dubi takardar eko kawai, bai ga idon ba, ya aiko cewa a kawo shi a cire kafin sati ya zagayo. Da kawu mai firgici ne da yanzu idon roba gare shi. Ido mai gani ba a cire shi a kan ra'ayin mutum ɗaya. A nemi na biyu, wanda ya saba da cututtukan bayan ido. Kano da Kaduna suna kusa da mu fiye da Yamai a wasu lokutan in iyakar Ɗan Isa a buɗe take, kuma a Kaduna ne cibiyar ido ta ƙasar Najeriya take. Hotuna kuma yanzu ana tura su ta waya. Likita a nan yana iya nuna wa masanin dajin ido a ƙetare hoton da eko ya ji ra'ayinsa kafin kowa ya sayi tikiti.

In aka ce in faɗi nawa hukunci, ga shi. Tabon da ba shi da alama ko ɗaya, ko mai alama ɗaya, a jira shi da awo. Mai alama uku zuwa sama, musamman in ruwa da ruwan goro sun haɗu, ko wanda hoto biyu suka nuna ya ƙaru cikin watanni, lokacin magani ya yi, ƙara jira ba ya sayo komai. Mai alama biyu shi ne tsaka mai wuya, kuma a nan mutumin ake kallo fiye da tabon. Dattijo mai shekara 80 da ciwon zuciya, wanda wannan ne kaɗai idonsa mai gani kuma ƙullin yana jikin cibiya, hikima ita ce a bar masa ganinsa a sa ido. Mai shekara 40 da ƴaƴa ƙanana, ɗaya idon lafiya lau, ƙullin yana gefe inda gashi ba zai taɓa karatu ba, kuma yana da halin tafiya, ba ni ganin dalilin da zai zauna yana jiran kashi 22 ɗin nan ya faɗo kansa. Ƙaruwar da ake nufi kuwa ta watanni ce ko shekara ɗaya zuwa biyu. Tawada ma takan ɗan faɗaɗa kaɗan cikin shekaru masu yawa ba tare da ta zama komai ba.

Duk wanda aka tabbatar masa melanoma ne, ko an gasa ko an cire, zai riƙa yin hoton hanta duk wata 6 ko shekara. Eko na ciki abu ne da ake yi a nan garin ba tare da wahala ba.

Iya, yayar kawu, ta kawo tofi da wani kwalli da aka ce yana wanke duhun ido. Tofin mun karɓa da hannu biyu. Kwallin na roƙe ta ta ajiye, na ce, "Iya, abin nan yana can bayan ƙwallon, ko maganin ɗigawa na asibiti ba ya isa wurin, balle kwalli." Ta ce to ai addu'a tana isa. Na ce tana isa, shi ya sa ba mu hana ta ba.

Awon kawu na farko ya nuna kauri milimita 2.2, faɗi 4.5, babu ruwa, babu ruwan goro, cikinsa ba rami, yana nesa da jijiyar gani, kuma akwai ɗigon nan farare na tsufan tabo. Ganinsa 8/10. Alama ɗaya ke nan. Na zauna da shi a shago bayan La'asar na zana masa a bayan kwalin sukari: mutum tara irinsa, ɗaya ne nasa zai girma cikin shekara 5.

Ya yi shiru yana kallon zanen, sannan ya ce, "In ni ne ɗayan fa?"

Na ce, "Kawu, shi ya sa za mu riƙa komawa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sabunta fasfo tun yanzu, ka ware abin da za ka ware, mu san asibitin da za mu nufa da wanda zai raka ka. In ya motsa, kada mu ɓata wata shida muna neman biza."

Fasfon ya fito. Kuɗin ya ajiye su wurin da ni ma bai gaya mini ba. Mun sayi jakar roba mai zif, muka zuba hotunan da takardun eko a jere da kwanan wata, na kuma ɗauke su duka a waya don kada gara ko ruwan sama su yi mana aika-aika. Na roƙi a riƙa auna shi da na'ura ɗaya, in so samu ne hannu ɗaya, domin bambancin milimita 0.2 ko 0.3 yana iya fitowa daga yadda aka riƙe na'urar kawai.

Bayan wata huɗu muka koma. Kauri 2.2, faɗi kamar da, hoton ya hau kan hoton farko daidai. Kawu ya so ya ɗauki wannan a matsayin sallama, har ya fara cewa ai an gani ba komai. Likita ya rubuta masa ranar dawowa a kan katin, ya sake rubutawa a bayan hannun ordinans ɗin suga don kada ya ce bai gani ba. Ranar ta faɗo tsakiyar kaka, lokacin da shago ya fi cika da masu sayayya daga ƙauye, kuma tuni ya fara tambaya ko ba za a iya ɗaga ta zuwa bayan an gama cinikin gyaɗa da wake ba. Na gaya wa babban ɗansa ya shirya tsaron shago ranar, ni kuma na nemi abokin aikina ya riƙe mini ajin safe.